Darasi na Tara: Wadda Ta Komo Hannu Wofi a Farkon Girbi

Karatu: Rut 1:1-22, 2:1-3, 17-20, 4:13-17
Ayar haddacewa: Zabura 126:5
Ga mai bi da darasi: A karanta sura ta fari duka da murya, a hankali, tun ba a soma magana ba. Mutum uku su raba ta a tsakaninsu.

Ga kaka ta zo. Ruwa yana ban kwana da mu, ciyawa a gindin dutsen Kagoro ta soma ja, an yanke acca, masara ta shiga rumbu, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran masu girbi. Ba da daɗewa ba ikilisiyoyinmu, tun daga Kafanchan har Kwoi da Zonkwa da Kachiya, za su sa ranar godiya. Kowa ya san yadda ranar nan ta ke. A kan jera damman hatsi da doya da gwaza a gaban majami'a, wani ya jawo akuya, wani ya rungumo zakara, matan Zumunta suna kaɗa tulu, gida gida a ke kira su fito da rawa. Abu ne mai kyau ƙwarai, daidai ne kuwa a yi shi.

Amma wanda ya daɗe yana duban jama'a daga gaba ya san akwai waɗansu da su kan zauna can baya a ranar nan. Sa'ad da a ka kira sunan gidansu, sai su sunkuyar da kai. Wata, mijin da su ka fito rawa tare bara yana kabari. Wani, gonarsa ba ta ba da kome ba, ga bashi. Waɗansu ma ba su da gonar, gama sun bar ƙauyensu da dare, suna zaune a ɗakin aro a cikin gari. Akwai kuma waɗanda ba su zuwa sam a ranar, domin kunya. Saboda su ne a ka shirya wannan darasi, da kuma saboda mu da mu ke zaune kusa da su, ba mu san abin da za mu ce ba.

A ƙasar sanyi inda a ka haife ni, wannan lokaci na shekara shi ne lokacin da ganyayen itatuwa su kan yi ja, su yi rawaya, su kakkaɓe, itace ya tsaya tsirara sai ka ce ya mutu. Masu wa'azi a can su kan ɗauki wannan su yi misalin mutuwa da rashi. Da na zo nan na soma aikin juya Maganar Allah, sai na iske misalin bai zauna daidai ba, gama a nan kaka lokacin ƙoshi ce, kakkaɓewar ganye kuwa sai hunturu ya shigo. Na daɗe ina ganin kamar na yi hasarar misali mai kyau. Daga baya na gane an ba ni wanda ya fi shi. Rashi a tsakiyar fari, sa'ad da kowa ya ke cikin wahala, yana da nauyi. Amma rashi a tsakiyar kaka, sa'ad da rumbun maƙwabci ya cika, shi ya fi ciwo. A irin wannan lokaci kuwa Na'omi ta komo gida.

Ku duba yadda labarin ya fara. Yunwa ta faɗa wa Baitalami, garin da ma'anar sunansa a Ibrananci ita ce gidan abinci. Elimelek ya kwashi matarsa da 'ya'yansa biyu maza, su ka haye zuwa ƙasar Mowab cin rani, da nufin su dawo. Cin ranin ya zama wajen shekara goma. Cikin ayoyi biyar kaɗai marubucin ya binne mutum uku: maigida, da Malon, da Kiliyon. Bai faɗi ciwon da ya kashe su ba, bai kuma ce wani zunubi ne ya jawo ba. Mu lura da wannan shiru, gama mu mutane ne masu saurin neman dalili. In mutuwa ta shiga gida sau biyu a shekara guda, nan da nan a kan soma raɗa, a ce ruwa ba ya tsami banza, a nemi tsohuwar da za a ɗora wa laifi. Littafi Mai Tsarki bai yi haka da Na'omi ba. Bai kamata ikilisiya ta yi haka da gwaurayenta ba.

Da ta iso ƙofar gari, mata su ka taru suna tambayar juna ko ita ce. A aya ta 20 da ta 21 mun ji amsarta. Ta ƙi sunanta, wanda ma'anarsa daɗi ne, ta zaɓi Mara, watau ɗaci. Ta ce da wadata ta fita, da wofi a ka komo da ita, ta kuma faɗi a fili cewa Mai Iko Dukka ne ya yi mata haka. Sa'ad da mu ke gwada karatun wannan wuri da dattawan wata ikilisiya, wani ya roƙe ni in sassauta maganar, domin a ganinsa bai dace mai bi ya yi magana haka a kan Allah ba. Ban iya ba, gama haka ta ke a rubuce. Wata tsohuwa da ke zaune a gefe, wadda ita ma ta binne 'ya'ya, ta ce da shi, "Malam, bar ta ta faɗa. Ai da ta daina ba da gaskiya gare shi, da ba ta kama sunansa ba." Ban taɓa samun fassarar ayar nan da ta fi wannan a cikin littattafan makaranta ba.

Na'omi ba ta ce ƙaddara ce kawai ba, ba ta ce maita ce ba, ba ta koma ga gumakan Mowab ba. Ƙararta a gaban Ubangiji ta kai ta. Haka Ayuba ya yi, haka Irmiya ya yi, haka kuma mu ke gani a Zabura ta 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da wata kalmar ta'aziyya ba. Ubangijinmu Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru, ko da ya ke ya san abin da zai yi bayan 'yan mintoci (Yohanna 11:35). Manzo Bulus kuma bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege (1 Tasalonikawa 4:13). Domin wannan, in mun je gaisuwar mutuwa, kada mu yi gaggawar rufe bakin mai kuka da "sai haƙuri". Haƙuri abu ne mai daraja, amma sau da yawa mu kan faɗe shi domin mu huta da jin kukan, ba domin mai kukan ya huta ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Ƙasar nan tamu ta san irin wannan kuka. Dattawanmu suna tune da watan Maris na 1987, sa'ad da faɗa ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Suna tune da Zangon Kataf a 1992. Matasa ma sun ga watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, sa'ad da kasuwar Kafanchan ta ƙone, a ka yi hasarar rayuka masu yawa, Kirista da Musulmi, a nan da Zonkwa da sauran wurare. Sun ji labarin Goska a jajibirin Kirsimati na 2016. Ba na lissafa waɗannan domin in tono miki ba. Na lissafa su ne domin kada wani ya ɗauka labarin Na'omi tatsuniya ce ta wata ƙasa mai nisa. Da wuya a sami ƙungiyar da za ta karanta darasin nan ba tare da wata Na'omi a cikinta ba.

Yanzu sai mu duba aya ta 22, wadda masu karatu su kan wuce da sauri. Marubucin ya rufe surar da faɗin abu biyu: Rut mutuniyar Mowab tana tare da ita, kuma farkon girbin sha'ir ne su ka iso. A ƙasar Yahudiya ruwa ya kan sauka daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, akasin namu, saboda haka girbin sha'ir ya kan faɗo wajen watan Afrilu, na alkama ya biyo baya. Amma ko da watannin sun bambanta, yanayin ɗaya ne da kakarmu: kowa yana gona, gari cike da ƙanshin sabon hatsi. Ga Na'omi tana cewa ba ta da kome, ga kuwa yarinyar da ta bar uwa da uba da ƙasa dominta tana tsaye a gefenta, tana ji. Ba ta ko ambace ta ba. Ba ƙarya Na'omi ta yi ba. Idon da ke cike da hawaye ba ya gani sosai. Abin da Allah zai rayar da ita da shi ya riga ya shigo gari tare da ita, ita kuwa ba ta sani ba.

Manoman citta za su gane wannan fiye da kowa. A kan dasa citta a farkon damina, a rufe ta da ciyawa, a yi ta cire haki wata da watanni. Duk lokacin nan abin da ido ke gani ganye ne kawai. Sa'an nan kaka ta yi, ganyen ya yi rawaya, ya bushe, ya kwanta. Baƙo da ya zo wucewa sai ya ce gonar ta lalace. Manomi kuwa ya san yanzu ne ta nuna, gama ƙarfin da ke cikin ganye ya gangara ƙasa. Sai ya ɗauko fartanya ya tona. Haka girman bangaskiya ya kan zama a kwanakin rashi. Waƙa ta kan ɗauke, addu'a ta gajarta har ta zama kalma biyu ko uku, mutum ya karanta Littafi bai ji kome ba. Shi da kansa ya kan ce, "Na ja da baya." Na sha ganin irin waɗannan mutane bayan shekara biyar ko goma, sai in iske su ne a ke aika wa da dare in wani gida ya shiga uku, domin sun san yadda a ke zama da mai baƙin ciki.

Amma dole in yi gaskiya da ku, gama misalin nan yana da wani gefe, ku kuwa kun san shi. A daminar 2023 ganyen citta ya yi rawaya tun lokaci bai yi ba, a ƙasashen Kachiya da Jaba da Kagarko da kewaye. Da a ka tona, sai ruɓa. Cuta ce ta shiga gonaki, ta cinye wahalar shekara, har da ta waɗanda su ka ci bashi su ka yi noma. Da shekara ta kewayo kuma irin dasawa ya yi wuya, ya yi tsada. Ashe ba kowane rawayan ganye ne alamar nuna ba. Kada wani ya fita daga darasin nan yana cewa rashi da kansa alheri ne, ko kuwa kowace wahala tana gyara mutum. Mutuwa abokiyar gaba ce, haka Bulus ya kira ta (1 Korintiyawa 15:26). Wanda ya ƙone gida ya yi mugunta, zai kuwa amsa a gaban Allah. Neman a yi shari'ar gaskiya a kansa ba rashin bangaskiya ba ne. Wahala ta kan nunar da wani, ta ruɓar da wani, daga sama kuwa ganyen iri ɗaya ne.

To, me ya ke kawo ruɓa? Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 12:15 ta yi gargaɗi a kan saiwa mai ɗaci wadda ta kan tsiro ta ƙazantar da mutane da yawa. Ku lura da bambanci. Na'omi ta fito da ɗacinta fili, a gaban Allah da gaban jama'a, a ka ji, ya sha iska. Ɗacin da ke kashe mutum shi ne wanda a ka binne, a na ba shi ruwa da dare, a na gadar wa 'ya'ya: "Kada ka manta abin da mutanen can su ka yi mana." Yaron da a ka goya da wannan magana ya kan girma da ruɓa a cikinsa tun bai san kome ba. Ga kuma abin da ya kamata ya tsayar da mu. Mowabawa ba abokan Isra'ila ba ne. Akwai tsohuwar gaba tsakaninsu, har Shari'a ta hana su shiga taron jama'ar Ubangiji (Maimaitawar Shari'a 23:3). Duk da haka ta hannun 'yar Mowab Allah ya ciyar da Na'omi. A kowane tashin hankali da mu ka ambata, akwai waɗanda maƙwabcin da ba addininsu ɗaya ba ne ya ɓoye su a ɗakinsa. Waɗannan labarai ma a riƙa ba yara.

Akwai wata kalma da mai fassara ba zai iya kauce mata a sura ta fari ba. Kalmar Ibrananci da mu ke juyawa da "koma" ko "komo" ta fito sau 12 a cikin surar nan kaɗai, ita ce kuma kalmar da annabawa su kan yi amfani da ita in suna kiran mutane su juyo wurin Allah. Na'omi ba ta yi wani babban aikin bangaskiya ba. Ta ji labari Ubangiji ya ba mutanensa abinci, ta tashi, ta kama hanya, da ɗacinta da kome. Iyakar abin da ta iya ke nan, ya kuwa isa. In kai ne ke cikin kwanakin nan, ɗan'uwa, ba a ce ka yi rawa a ranar godiya ba. An ce ka komo. Ka zo sujada ko da ba ka iya waƙa, ka zauna a cikin jama'a su yi ta a madadinka. Manomi mai hankali, kome tsananin yunwa, ba ya cin iri. Ya kan rataye zangarniyar da ya zaɓa a saman murhu inda hayaƙi zai kore ƙwari, yana kallonta da yunwa a cikinsa, ya bar ta. Zuwa sujada, da gajeriyar addu'ar nan, da Jibin Ubangiji, su ne irinka. Kada ka cinye su a shekarar yunwa.

Tarihin bishara a ƙasar nan ma da irin wannan kaka ya fara. A watan Disamba na 1893 samari uku su ka sauka Ikko da nufin kawo bishara cikin ƙasar Sudan: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, Kent kuma ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jikinsa, ba shi da ko mutum ɗaya da zai nuna ya ce ga wanda ya ba da gaskiya. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a 1902 a ka kafa tasha a Patigi, a 1910 kuma aikin ya kai Kwoi. Ikilisiyoyin da su ka fito daga aikin nan su ne su ka haɗu su ka zama ECWA a 1954, shekara 60 bayan kabarin Girku. Na kan yi tunanin mahaifiyar Gowans, wadda ita ce ta fara zuga Bingham a kan tafiyar. Ba a mayar mata da ɗanta ba. Daga ƙasar Kwoi ɗin nan kuma Byang Kato ya fito, wanda ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ruwa ya ci shi a bakin teku a ƙasar Kenya a 1975, yana da shekara 39, a daidai lokacin da kowa ke ganin yanzu ne aikinsa ya fara. Ubangiji ya faɗa a Yohanna 12:24 abin da ya kan faru da ƙwayar alkama in ta faɗi a ƙasa, amma a kan mutuwar kansa ya ke magana da fari. Ba daga nesa ya ke ba mu wannan koyarwa ba.

Sura ta biyu ta nuna mana hanyar da taimako ya bi, hanyar kuwa ba ta al'ajabi ba ce. Shari'a ta umarci mai gona kada ya girbe har gefe, kada kuma ya koma tsintar abin da ya zuba, a bar wa matalauci da baƙo (Littafin Firistoci 19:9-10). Rut ta fita kala, ƙafarta ta kai ta gonar Bo'aza, mutumin da ya kiyaye dokar nan har ya ƙara a kanta. Da yamma ta sussuke abin da ta tsinta, ya kai wajen garwa guda. Da Na'omi ta ga hatsin, ta ji sunan mai gonar, sai bakin da ya ce Mara ya sa albarka (2:20). Ba wa'azi ne ya buɗe bakinta ba, garwar sha'ir ce. Ku lura kuma Bo'aza bai tara jama'a ya miƙa wa Rut sadaka a gabansu ba. Ya ce da ma'aikatansa su riƙa zare zangarniya daga dami suna yarwa, ta tsinta da hannunta, mutuncinta kuma ya tsira.

A ƙarshen littafin an sa jariri a cinyar Na'omi, Obida, kakan sarki Dawuda, wanda sunansa da na uwarsa su ka shiga asalin Yesu Kristi (Matiyu 1:5). Matan garin nan da su ka tarye ta a ƙofa su ne su ka nuna mata abin da ba ta gani ba da fari, su ka ce surukarta ta fi mata 'ya'ya maza bakwai. Malon da Kiliyon kuwa suna kwance a Mowab har yanzu. Littafin bai ɓoye wannan ba. Ina tsammani tsohuwar nan ta yi wa jaririn wasa da dariya, ta kuma yi kuka a daren, Allah kuwa ya karɓi duka biyu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa marubucin bai tsauta wa Na'omi saboda maganarta a 1:20-21 ba? Da a ikilisiyarmu ta faɗe ta, me za mu ce mata?
2. Wace magana mu ke gadar wa 'ya'yanmu a kan abin da ya same mu? Iri ce, ko ruɓa?
3. Su wane ne masu kala a garinmu bana, ina kuma gefen gonar da mu ka bar musu?

Ga mai bi da darasi: Kada a tilasta wa kowa ya ba da labarin rashinsa, wanda ya yi shiru a bar shi. Kafin ranar godiya, a shawarci dattawa a kan gidajen da ba su da abin kawowa, a ga yadda za a yi kada a kira sunansu su ji kunya, a kuma ware nasu kaso daga abin da a ka tara, a kai musu da dare. Mako mai zuwa za a karanta Habakuk 3:16-19. Kowa ya zo da Littafinsa.